Filastar Mai Walda

"Na gan ka! Da idona na ga ka sunkuya ka ɗauki murfin buta!"

"Ke, rage murya, kada maƙwabta su ji."

Ai kuwa na ji, don bulo ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasu.

Mai walda ne maƙwabcin nawa, ko in ce ya taɓa zama. Shekara tara ke nan da ƙugunsa ya riƙe, ya rufe shago ya tare a katifa. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ita ke tayar da shi, ita ke kwashe fo, ita ke murza masa man zafi har tafin hannunta ya saɓule. Yanzu ita ma dafe da ƙugu take tafiya.

Wata biyu da suka wuce aka yi masa aiki. Ba a tsaga shi ba. Likita ya huda wuri kamar ƙwayar wake, ya zura siririn bututu yana kallon allo, ya cire ɗan abin da ke danne jijiyar. Kashegari ya dawo gida da ƙafarsa, fuska a murtuke kamar wanda aka yi wa sata.

Hujin ya warke tuni, amma ya liƙa masa filasta mai faɗin faranti. Ta yi baƙi ƙirin, tana tsami, gashi ya manne a gefenta. Da ya ji sallamar masu dubiya sai ya yaye riga ya hau nishi.

"Jiya ma ka sa na cicciɓe ka!" in ji matar. "Baban 'Yan Biyu, ba ka tsoron Allah? Ni jaka ce?"

"Ai ciwon ya koma ciki ne, ke likita ce?"

"To daga yau fonka sai ya yi ƙafa ya kai kansa."

Na ji ƙarar bokiti, ta fita. Can sai ga shi a ƙofata, tsaye ƙyam, ba sanda. Warin filastar ya riga shi shigowa. Ko kunya bai ji ba.

"Ƙanina, kai take jin maganarka. Ka ce mata ka ji ina ihu da safe. In ta tabbatar na warke, wa zai ƙara tambayata yadda na tashi?"