Shafe Uku a Bangon Ɗakin Inna

Ina cikin aji a makarantarmu ta Ƙofar 'Yandaka, Kawu Lawal ya tsaya a bakin taga. Mutumin da ba ya gajiya da gaisuwa, ranar ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Hadiza, ajiye allin nan, mu tafi gida." Kafin ya ƙara kalma na san Baba ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahaifina, Malam Hamisu mai fenti na Ƙofar Kwaya, ya tsufa yana shafe gidajen mutane, nasa kuwa farar ƙasa kawai ya sani. Bai taɓa tilasta wa mai gida launi ba. Yakan ce, "Ni in na shafa tafiya zan yi, shi zai kwana ya tashi da bangon." Wani Alhaji ya taɓa matsa masa ya rufe bango mai danshi saboda baƙi na tafe. Baba ya tattara kayansa ya ce, "Ba na lulluɓe ciwo."

A watannin da ake jiran sojoji su miƙa mulki, gari ya cika da raɗe-raɗi, wasu na rantsuwa ba za su sauka ba. A lokacin ne Baba ya ce zai yi wa ɗakin Inna fenti. Ya rame, yana tari, in an tambaya ya ce warin fenti ne.

Ya yi shafe uku a bango, kowanne faɗin faifai: ruwan madara, ruwan toka mai haske, da ruwan ƙasa mai haske. Inna ta duba ta ce, "Malam, ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne, Hajara. Zauna bisa tabarma ki duba daga ƙasa."

Kwana bakwai yana kiranta ta duba, da hantsi, da azahar, da la'asar. Rana ta ƙarshe ina wurin. Ya ce, "Ki zaɓa da kyau. Wanda zai yi wata huɗu da kwana goma yana kallon bango guda, bai kamata idonsa ya gaji ba."

Carbin Inna ya faɗi. "Wace irin magana ce wannan, Malam?"

Ya yi murmushi, bai janye ba. Ta nuna ruwan madara don kawai a bar zancen.

Shi kaɗai ya yi aikin, shafe biyu, yana hutawa bisa gwangwani, ya hana kowa taimako. Da ya gama ya wanke buroshinsa ya kyautar, abin da ko aro bai taɓa bayarwa ba. Ranar da aka rantsar da farar hula yana zaure da rediyo. Na ce, "Baba, ga shi sun sauka." Ya ce, "To, ɗiyata, ku za ku ga yadda za ta kaya."

Bai ƙara mako biyu ba. Bayan jana'iza Kawu ya gaya mana likita ya daɗe da faɗa wa Baba gaskiyar ciwonsa, Baban ne ya hana a sanar da mu. Inna na cikin ɗakin yanzu, tana takaba, ba ta cika magana ba.

Ya Allah ka jiƙan Baba, ka yafe kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna juriyar kwanakin da suka rage mata, mu kuma ka ba mu ikon riƙe ta yadda ya so. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.