Bazarar da Zafi Ya Ƙwace Mini Kaka

Yanzu kowace shekara sai rediyo ya ce ba a taɓa zafi irin na bana ba. Wataƙila haka ne, don ni ma na ga sanyin da muka sani yana gajarcewa. Amma zafin da na riƙe a raina shi ne na bazarar da ta gabaci samun 'yancin kai, ina yaro a Ƙofar Dumi, cikin garin Bauchi. Tsofaffi sun rantse ba su taɓa ganin irinsa ba. Kaji na faɗuwa baki buɗe, maƙera suka daina hura wuta da hantsi.

Kakata ta wajen uba tawa ce ni kaɗai. “Maigida” take ce mini, irin wasan kaka da jika. Ɗakinta na soro ya fi ko'ina sanyi a gidan, kuma ba yaron da ke shimfiɗa tabarma a ciki sai ni.

Sai ga ɗan baffana, sa'ana, an kawo shi ganin dangi daga Jos, inda ubansa ke aikin kuza. Bai san zafi ba. Nan da nan ƙuraje suka feso masa, hancinsa ya dinga haɓo. Shi ke nan, Kaka ta rikice. Ta jiƙa zanenta ta lulluɓe shi, ta kwantar da shi a gurbina tana yi masa fifita. Har na ji ta ce masa “maigida”. Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi. Na tsane shi, na tsani jinin hancinsa, na tsani Jos ɗin da ban taɓa gani ba.

Na ce to, in dai haɓo ake so, ni ma ina da hanci. Da rana ta take na tuɓe riga na hau dutsen bayan unguwa na zauna. Dutse na ƙona mini cinya, kaina na sarawa, ina ta shafa hanci ina duba yatsa. Ko ɗigo. Na dawo da la'asar na tsaya a ƙofar ɗakinta ina nishi da ƙarfi don ta ji.

Ta dube ni ta yi dariya. “Kai ai ɗan Bauchi ne, rana ta san ka. Matsa, kana tare masa iska.”

Ruwa ya ƙi sauka. Ana cikin haka Kaka ita ma ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Aka aika wa Baffa, ya zo da mota. Ya ce wa babana, “Yaya, zafin nan zai kashe ta. Bari in tafi da su duka biyun, in damina ta zauna sai a dawo da ita.”

Na riƙe gefen zanenta na ce ni ma za ni. Ta ɓamɓare hannuna a hankali.

“Kai zafi ba ya yi maka komai,” in ji ta. “Shi ne ba ya jurewa. Zauna ka kula mini da ɗaki.”

Aka sa ta a gaban mota, ɗan baffan nawa yana jingine da kafaɗarta. Damina ta zo ta wuce, aka yi bikin 'yancin kai, ba ta dawo ba. A can ta rasu cikin sanyi, kuma shi ya ba ta ruwan sha na ƙarshe. Har ya tsufa yana ba da labarin, ni kuwa ban taɓa iya zama na ji shi har ƙarshe ba.