Kyamarar da Ta Tsayar da Ni a Zaure

Gara in faɗi abin kunyar da na yi da bakina kafin wani ya riga ni. Ranar da na fara riƙe babbar kyamara, ƙwanƙwasa ta na yi da yatsa na kara ta a kunne, yadda muke gwada kankana a fadamar Danchadi. Har yau ban san abin da nake son ji ba. Daga nan na danna wani maɓalli na murɗa, sai bututun gilashin da ke gabanta ya fita ɗungurungum ya zauna a tafin hannuna. Na saci kallon hagu da dama, na tura shi bayan buta, na rufe sauran da gefen rigata, na shiga kallon rufin shago kamar ɗan kirki.

Shagon na wani tsohon mai hoto ne a kasuwar Shagari, abokin Kawuna. Idonsa ya fara rauni, yana sayar da kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Kawu kuwa, ƙanen Innata, ya yi mini alkawarin kyamara in na ci jarrabawar aji uku, kuma na ci, abin da ya ba kowa mamaki har da ni. Shi ne ya goyo ni a babur daga Bodinga in zaɓa da kaina.

Tsohon ya gama gaisawa da Kawu, ya miƙa hannu bayan buta ba tare da ya dube ni ba, ya ɗauko bututun ya mayar, ya ce dama haka aka yi ta, ana cirewa a sa wani. Ni dai ban yarda ba. Abu ya rabu gida biyu a hannunka, mai shi ya ce haka aka yi shi? Daga wannan lokacin na sa masa ido.

Biyu ya ajiye mana a kan tabarma. Babbar baƙa ce, mai nauyi kamar ɗan akuya, da igiyar ratayawa, irin wadda 'yan jarida ke bin manya da ita. Ƙaramar ba ta wuce sabulun wanka ba, in ka kunna ta sai ta turo ɗan hancinta waje, kuma tana jawo abin da ke nesa ya zo kusa. Ya ce babbar ta fi fitar da hoto ko a wuri mai duhu, amma sai an koye ta wata da watanni. Ƙaramar kuwa maɓalli ɗaya ne, tana shiga aljihu, kuma a ganinsa ita ta dace da ni.

Nan zargina ya ƙaru. Yaushe mai sayarwa ya fara tura mutum wajen ƙaramin kaya? Na ce a raina ko dai ƙaramar tana da ciwon da ba ya tashi sai an kai ta gida, ko kuma ya yi wa wani ɗan birni alkawarin babbar. Na tambaye shi ko ta taɓa faɗawa ruwa, ya ce a'a. Na shinshina ta. Kawu ya ce in ban daina ba shi kunya ba da ƙafa zan koma Bodinga. Tsohon ya yi dariya ya ce in tafi da su duka biyun in gwada, tunda ya ji muna da suna a gidanmu. Wannan kirkin ma bai kwanta mini ba.

Sunan na ɗan yayata ne, wadda ke aure a Mandera. Mijinta yana Kudu da lodin albasa, ba zai samu zuwa ba. An gaya masa a waya cewa yaron ya zo da suma baƙa wuluk har tana taɓa kunne, shi kuma ɗansa na fari ke nan. Ya kira ni da kansa ya ce abu ɗaya yake roƙona, in ɗaukar masa yaron kafin wanzami ya sa aska. Wayar yayata mai tocila ce kawai, tawa kuma tun da ta faɗa tukunyar miya kowa fitowa yake kamar aljani a cikin hayaƙi. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai magana ta zo hannun masu ita.

Ranar suna ni da Kawu muka yi sammako. Inna ta riga mu tafiya tun jiya. Na rataya babbar a wuya, na jefa ƙaramar a aljihu don kada a ce ban gwada ta ba, na ari baƙin tabarau na Kawu. Tun daga bakin gari na ga aikin babbar kyamara. Mutanen da suka saba ce mini kai yaro ka gaida Innarka, yau su ke fara ɗaga mini hannu. Wuyana yana ciwo, amma ban taɓa jin daɗin ciwo irin wannan ba.

Da muka isa an riga an raɗa suna, ana rabon goro a ƙofar gida. Ban san wanda ya fara faɗa ba, sai kawai na ji magana tana zagaya tabarmi cewa mutanen rajistar taki sun zo. Kafin in cire tabarau dattawa sun yi layi. Wani ya aika gida a kawo masa katinsa. Wani ya gyara rawani ya ce in rubuta gonakinsa biyu ne, har da ta garin Horo Birni. Wani tsoho kuma ya ja baya ya rufe fuska da hannun riga, ya ce shi ya san irin wannan, da hoto ake farawa a ƙare da haraji. Na yi ta rantsuwa cewa ni ƙanen maijego ne. Rabinsu suka yarda, rabin suka ce haka dama ake koya musu su faɗa.

Ina cikin wannan na hango wanzami ya saɓa zabirarsa ya shige zaure. Na kutsa na bi shi. Gidan nan na san shi kamar aljihuna, na sha shiga har ɗakin tsohuwa, surukar yayata, in saci ƙuli-ƙuli. Amma surukin yayata yana zaune a bakin zauren a kan buzu, sai ya miƙa sandarsa ya tare ƙofa.

"Ina zuwa, malam mai hoto?"

Na durƙusa. "Baba, Allah shi ƙara girma, ni ne fa. Shekaranjiya ma na shigo."

"Na gane ka sarai. Shekaranjiya yaro ya shigo da ƙwaryar fura. Yau kau magidanci nika gani da kayan sana'a. Gidanga cike yake da matan mutane."

Na cire kyamarar da sauri na miƙa wa Kawu, na cusa tabarau a aljihu, na ɗan rage tsawo. Tsohon ya ƙare mini kallo tun daga ƙafa, ya tsaya a ɗan gashin da ya fara fito mini a leɓe, wanda ni kaina sai na matsa kusa da madubi nake ganinsa.

"Ka tuɓe ta. To tuɓe gashin bakin mu gani."

Mutanen da ke kusa suka fashe da dariya. Na ce ai wanzami ma namiji ne. Ya ce kakan wanzamin nan ne ya yi masa nasa askin, in na kawo kakana mai hoto sai a duba maganata. Na roƙi a fito da jaririn zaure. Aka aika ciki, tsohuwa ta aiko da amsa cewa jikanta ba zai fito gaban wannan taron idanu ba, balle gaban abin da ke walƙiya. Na juya wajen Kawu neman ceto, na same shi yana cin goro yana kallon sama. Har yau ina zargin daɗi ya ji.

Ina jin ƙarar wanzami yana wasa aska a fata. Sai na tuna da abin da ke aljihuna. Na roƙi a kira mini Inna. Ta fito zaure da hannu duk gari tana faɗa, na damƙa mata ƙaramar, na nuna mata inda za ta duba da inda za ta danna. Ta tambaya ko kamar tocila ce, na ce ƙwarai. Ta jefa ta cikin hijabi ta wuce ta gaban sandar tsohon, ko ɗaga kai bai yi ba.

Na karɓo babbar a wurin Kawu, na zauna a waje ina ɗaukar dattawa da ita don in rage zafi. Ba a jima ba na ji kukan jariri, na san aska ta sauka. Inna kuwa shiru. Na tabbata ta ajiye ta a kan murhu, ko ta ba wata ta riƙe mata, ko ta danna wurin da ke goge komai. Sai bayan azahar ta fito ta miƙo mini ita tana maiƙo.

Hoton farko sama ce. Na biyu babban yatsan Inna. Sai ƙafar wata mata, sai rabin tukunya, sai yatsan kuma. A na tara ga yaron nan kwance a cinyar yayata, ido a rufe, suma tsaye kamar an shuka ta, hannun wanzami yana shigowa daga gefe. Bayansa kuma hotunan mata ne ba iyaka, suna dariya, suna gyara ɗankwali, har tsohuwar da ta ce ba ta son abin walƙiya ta fito sau shida. Nawa na babbar kyamara kuwa, dattawan Mandera duk sun fito kamar ana girgiza su, saboda ban san inda ake saita ta ba.

Da yamma Kawu ya tura wa mijin yayata hoton ta waya. Ya kira ya yi ta godiya, ni kuma na karɓa kamar ni na ɗauka.

A hanyar komawa na gaya wa Kawu har yanzu babbar nake so, zan koya. Ya ce ya ji. Washegari ya mayar wa tsohon mai shagon da babbar, ya sayi ƙaramar. Yanzu tana cikin kwallar Inna, ita ke zuwa da ita biki da suna, ni sai na tambaya take ara mini. Gidan yayata kuwa, tun daga ranar a zaure nake tsayawa a fito mini da yaron.