Tsohon da Ke Yanke Igiyoyin Shanu

An ɗaga jar tuta ta uku a kasuwarmu ta bakin teku, nan tsibirin Bola, alamar guguwar teku mai tahowa da ambaliya ta matso. Kowa na rugawa ginin mafaka, wata da tukunya a ka, wani da kaji a hammata. Mutum ɗaya ne kawai ya nufi inda ruwan zai fito.

Ban san shi ba. Tsoho ne siriri, ruwan gishiri ya cinye masa ƙafafu, ya tattare zanensa a ƙugu, ga lauje a hannu. Duk turken da ya tarar da saniya sai ya durƙusa, ya yanke igiyar, ya shafa mata wuya kamar mai sallamar baƙo.

Jobeda mai busasshen kifi ta hango shi a kan tata saniyar. "Kai Baba, sata da rana tsaka? Ƙulli uku na yi mata don kada ta ɓace!"

Ko ɗagowa bai yi ba. "'Yata, saniya ta iya iyo. Igiyar ce ba ta iya ba."

Ni kuwa hannunsa nake kallo yana yanke igiyar. Zuciyata na ba ni akwai shekarar da shi ma ya yi ƙulli uku. Ko saniya ya ɗaure a turke, ko ɗansa a jikin bishiya don kada ruwa ya tafi da shi, Allah masani.

Iska na neman ɗaga shi, saura turke tara a gabansa. Duk na san masu shanun nan. Babu tasa ko ɗaya.