Na'iya Mai Lauje a Rugar Bube

A zamanin da Sakkwato ke riƙe da ƙasa, tun kafin Nasara su zo, an yi wani mutum a Jabo ana ce masa Na'iya. Sana'arsa yankan ciyawa. Da damina ya yanko harawa da ɗanyar ciyawa ya kai wa masu dawaki a Tambuwal, da kaka kuma ya shiga fadama ya yanko gamba da shuci don masu zana da baibayar ɗaki. Gajere ne, mai yawan dariya, laujensa kullum a kafaɗa. Matarsa Tambaya takan ce ko masallaci zai je sai ta ɓoye laujen.

Wata ranar kasuwa, wani Bafillatani mai suna Bube, wanda ya sauka da shanunsa kusa da Fakku, ya shigo Jabo neman mahauci. An yi masa haihuwa, ga rago, babu mai fiɗa. Hausarsa ba ta nuna ba, sai ya riƙa tambaya, "Ina mai yanka?" Aka nuna masa Na'iya.

"Kai ka yanka?"

"Ni ka yi, Ardo. Tun ina yaro."

"To, jibi ka taho ruga."

Na'iya ya yi sammako. Ya tarar ciyawa ta kewaye rugar har ƙugu, ransa ya yi fari. Bai ko yi sallama ba ya duƙa. Kafin rana ta ɗaga ya share fili fetal, ya tara dami-dami.

Can sai ga Bube ya fito yana jan rago, ya tsaya baki buɗe.

"Malam, mi kaka yi? Ragon ga fa?"

Na'iya ya dubi rago, ya dubi lauje. "Ashsha! Ardo, ni ban taɓa yanka abin da ka kuka ba!"

Mata suka fashe da dariya, har wata ta zubar da nonon da ke hannunta. Malam Ladan, limamin da ya zo raɗa suna, shi ya yanka ragon yana share hawayen dariya, samarin da suka zo suna suka feɗe. Baƙi suka baje a filin da aka share, maruƙa suka samu kalaci.

Na'iya ya koma gida da cinyar rago da ƙwaryar man shanu. Tun daga nan, duk shekarar da Bube ya dawo mashekari, inda yakan yi damina da shanunsa, gidan Na'iya yake fara sauka. Yarinyar da aka raɗa wa suna ran nan, Hadijatu, ta girma tana kiransa Baffa, kuma shi ya baibaye mata ɗaki da ta yi aure.