Da Fiyanon Yaya Sule Zuwa Tajaye

Ƙonni

Ƙarfe biyar da rabi, bayan asuba, muka ɗaure fiyanon Yaya Sule a bayan motar Alhaji Mamman. Yaya Sule wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ashirin yana kiɗan jaz, daga otal-otal na Yamai har ƙasashen Turawa, yanzu kuma yana koyarwa. Amma Inna, a Tajaye, ta ɗauka akawu ne a buro, wato ofis, don a gidanmu ba a gaji kiɗa ba. Ranar ya ƙudura zai gaya mata.

Tsarnawa

Shida da kwata jandarma ya tare mu.

"Mi na cikin kwalin ga?"

"Fiyano na, ranka shi daɗe."

"Kunna mu ji."

"Babu wuta."

"To ka yi da baki."

Haka malami guda ya tsaya bakin kwalta yana "ta-ba-di-dam", har mai kokon da ke gefe ta ƙara mana ƙosai biyu.

Malbaza

Muka ratse mu ari batir wurin Hadiza, tsohuwar ɗalibarsa. Da shinkafa da wake ta tarbe mu. Ta ce watanta uku a ajinsa bai bar ta ta taɓa fiyano ba, sai saurare da tafi.

"Yaya, kai ma yau ka saurara," in ji ta.

Tajaye

Sha ɗaya muka iso. Bayan fura, Yaya ya gaya wa Inna shekara ashirin kiɗa yake yi wa Turawa, sannan ya haɗa waya yana gumi. Hannun hagu ya riƙe kiɗa ɗaya daram, na dama ya shiga yawo: ya tafi, ya yi shiru, ya dawo ta inda ba ka zata ba. Inna na zaune kan tabarma, fuska ba annuri.

Can ta ɗaga hannu.

"Sule, wagga ba waƙar niƙana ta ba?"

"Ita ta, Inna."

"Ita kaka kai ma Turawa?"

"I, Inna."

"Shekara ashirin? To ka ɓata ta. Sauri kaka yi kamar mai gudun kare. Koma farko."

Ta shiga rerawa yana bi. Sau huɗu tana tsayar da shi. Da la'asar ta aika a kira maƙwabta su zo su ga ɗanta.

Bayan isha'i muka sauka Ƙonni lafiya, da buhun gero da zabi biyu. Mun gode Allah, mun gode wa Alhaji Mamman da ya tuƙa mu bai yi tsaki ko sau ɗaya ba.