Wayar Mai Aski a Saman Kwaba

Ranar da riga ta kama Mai Aski, layin nan kaf ya sha kallo. Ya zo tuɓe ta a shago saboda zafi, hannun dama ya hau rabi ya ce daga nan ba ya gaba. Kai a cikin riga, tumbi a waje, yana ta juyi yana kiran matarsa kamar tana shagon. Sai da Tela na kusa ya zo da almakashi ya farke rigar, yana cewa, "Tsaya mana, yau ni zan yi maka aski."

Shekara talatin ke nan yana wannan shago, da kujerarsa mai juyawa da madubinsa mai tsaga a gefe. Likita ya ce kafaɗar ce ta ƙage, za ta saki amma sai a hankali. Ya koya masa motsa hannu, ya ce ya rage zaƙi don sugansa ya hau, ya riƙa barci da wuri, ya daina kwanciya a kan kafaɗar yana kallon waya. Mai Aski ya ce to. Ya koma gida ya zuba sukari cokali biyar a shayi, ya kishingiɗa ya kunna kokawa a waya.

Abin da ya karya masa zuciya shi ne Tsohon Direba, mutumin da ya fara zama a kujerar nan ranar da aka buɗe shago. Tsohon ya rantse ba mai taɓa masa kai sai Mai Aski, ga shi aski ya gagara. Kullum da safe zai leƙo, ya cire hula.

"Duba gonarka. Ni dai ina jira, amma ka san ni ba yaro ba ne."

Mai Aski ya yi dariya, ya juya yana goge madubin da ba datti.

Matarsa ce ta ga damuwar a idonsa da ya koma gida. Daga ranar, ana gama cin abinci sai ta ɗora wayar a saman kwaba.

"Maigida, ga ta can. Da hannun ciwon za ka ɗauko."

Ya jira ta fita, ya sa tsintsiya. Waya ta faɗo, fuskarta ta tsage kamar madubinsa. Matar ta dawo, ta mayar da ita sama.

Haka ya koma tafiya da yatsu a jikin kwaba, kaɗan-kaɗan, yana cije leɓe, ita kuma tana ja masa layi da alli a inda ya tsaya. Ba waya, sai barci ya riƙa ɗaukarsa da wuri, ta tura masa filo ƙarƙashin hannun. Sukari kuwa duk mako ta sace cokali ɗaya, ta cika masa kwano da ganye da kifi. Ya yi mita har ya gaji.

A wata na bakwai yatsunsa suka taɓa wayar. Ya sauko da ita, bai ko kalli kokawa ba, ya kira Direba.

Tsoho ya zauna, aka yafa masa ƙyalle, almakashi ya fara tafiya a hankali.

"Wata bakwai ina jira, kuma hannun ya zama na kunkuru?"

"Rufe min baki," in ji Mai Aski, yana share ido da gefen hannu. "Sanƙo ya cinye tsakiya, sauran duk furfura. Da na san iya abin da ka tara min ke nan, da na sha shayina da sukari."